Kumburin Aljihun Hanji Bayan Tiyatar Gyambon Babban Hanji: Tambayoyi da Amsoshi

Masu fama da gyambon babban hanji, ciwon da likitoci ke kira alsaretib kolaitis, ba su da yawa a Katsina, waɗanda abin ya kai su ga cire hanjin kuwa sun fi ƙaranci. Amma akwai su. Wasu a nan gida aka yi musu aikin, wasu sun je Indiya ko Masar sun dawo da takardun asibiti cike da jaka, da tunanin cewa sun rabu da ciwon har abada. Bayan wata shida ko shekara guda sai zawo ya dawo, wani lokaci har da jini. Ga tambayoyin da su da danginsu suka fi yi.

An ce an cire hanjin da ke ciwon gaba ɗaya. To mene ne kuma ya kumbura?

Gaskiya ne, an cire babban hanji da mafi yawan bututun dubura. Amma mutum yana buƙatar inda bayan gida zai taru kafin ya zagaya. Don haka likitan tiyata yakan ɗauki ƙarshen ƙaramin hanji, kamar santimita 30 zuwa 40, ya lanƙwasa shi gida biyu kamar harafin J, ya buɗe tsakaninsu ya zama aljihu, sannan ya ɗinke shi da bakin dubura. Alan Parks da John Nicholls na asibitin St Mark's da ke Landan su suka fara bayyana irin wannan aiki a 1978, sai likitan Japan Utsunomiya ya zo da fasalin J ɗin a 1980, wanda shi aka fi yi a yau. Galibi ana fito da hanji ta gefen ciki a liƙa leda na wasu watanni kafin ɗinkin ya kama, daga baya a mayar.

Wannan aljihun ne ke kumbura. Likitoci na ce wa ciwon faucaitis. Wajen rabin waɗanda aka yi wa aikin saboda gyambon hanji suna gamuwa da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Mafi yawa suna warkewa da magani na mako biyu. Kaɗan daga ciki ne nasu ke zama mai naci.

Yayana na zagayawa sau shida a rana tun da aka yi masa aikin. Kumburin ne?

Ba lallai ba. Aljihu mai lafiya ma yakan kai mutum ban ɗaki sau huɗu zuwa takwas a yini, har da tashi sau ɗaya da dare, kuma bayan gidan ba ya yin tauri irin na da. Abin lura shi ne canji. Wanda ya saba shida ya koma goma sha biyu, yana jin matsuwar da ba ya iya riƙewa, ga murɗawar mara, ga ɓata shimfiɗa cikin barci, wani lokaci da zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi, wannan ya kamata a duba shi.

Shin likitan da ya yi aikin ne ya yi kuskure?

A mafi yawan lokuta a'a, kuma akwai hujja mai ƙarfi. Akwai wani ciwo na gado da ke sa ƙananan tsiro su cika babban hanji, wanda ake taƙaita sunansa da FAP. Masu shi ma ana cire musu hanjin a yi musu aljihu iri ɗaya, a asibiti ɗaya, da hannun likita ɗaya. Amma su da wuya aljihunsu ya kumbura. Wuƙa ɗaya, zare ɗaya, sakamako daban. Ke nan matsalar tana jikin mai gyambon: an cire wurin da ciwon ya bayyana, ba a cire halin garkuwar jikin da ya haifar da shi ba.

Akwai dai inda aikin kansa ke da hannu. Idan aka ja hanjin da ƙarfi don ya kai dubura har jini ya kasa isa wani sashe sosai, ko ɗinki ya yi yoyo, ko bakin ya tsuke bayan gida ba ya fita duka, za a ga kumburi. Irin wannan ba ya jin maganin ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, kuma kyamara takan nuna shi a gefe ɗaya ko a kan layin ɗinki.

Me yake faruwa a cikin aljihun har ya kai ga haka?

Ƙaramin hanji an halicce shi don abinci ya wuce, ba don ya zauna ba. Duk wanda ya san bambancin ruwan da ke gudu a kwata bayan an ɗauke ruwan sama da wanda ya kwanta a kududdufi har kaka, ya san abin da tsayuwa ke yi wa ruwa. A ƙarshen ƙaramin hanji ana samun bakteriya kamar miliyan 10 zuwa 100 a mililita ɗaya. A babban hanji kuwa sun kai biliyan 100 a giram ɗaya. Da zarar an rufe ledar ciki bayan gida ya fara kwana a aljihu, adadin sai ya yi sama, nau'o'in da ba sa son iska su fara mamaye wurin. Shi ya sa da wuya a ga kumburin tun ana ɗauke da leda. Sai bayan an mayar da hanya.

Bangon aljihun kuma ba ya zama yadda yake. Cikin ƙaramin hanji cike yake da 'yan yatsu ƙanana masu tsotse abinci. A aljihu waɗannan 'yan yatsun sukan gajarce, ramukan da ke tsakaninsu su yi zurfi, majinar da ke rufe bangon ta koma irin mai sinadarin farar wuta, wadda aka sani da babban hanji. Da masu bincike suka duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a bangon, sai suka ga wasu na ƙaramin hanji sun yi sanyi, wasu na babban hanji sun tashi. Wato naman yana ƙoƙarin komawa babban hanji saboda aikin da aka ɗora masa.

Nan ne gizo ke saƙa. Ciwon asali babban hanji yake kamawa. Yanzu ga wani nama ya fara ɗaukar kamanninsa a cikin jikin da dama can garkuwarsa ba ta jituwa da irin wannan wurin. Kuma rikiɗar ba ta cika ba. Babban hanji na gaske yana da majina hawa biyu, ta ciki mai kauri ce da bakteriya ba sa ratsawa, kamar yadda masu bincike a Suwidin suka nuna a 2008. Ƙaramin hanji hawa ɗaya gare shi, mai sako-sako, yana dogara ne da saurin wucewar abinci da sinadaran kashe bakteriya da wasu ƙwayoyin bangonsa ke fitarwa. Aljihu ya rasa saurin, ga kuma nauyin da ba a gina shi don ɗauka ba.

Wace ƙwayar cuta ce ke jawo shi? Ana ɗauka?

Ba a ɗauka. Ku ci a kwano ɗaya, Hajiya, babu komai.

Ba ƙwaya ɗaya ba ce kamar ta taifot ko kwalara. Abin da ake gani shi ne lalacewar daidaito. Nau'o'in bakteriya sukan ragu, masu amfani irin su Faecalibacterium da dangin Ruminococcaceae su yi ƙaranci, dangin E. coli su samu fili. Illar wannan tana bayyana ne a sinadaran da bakteriyar ke samarwa, kuma uku daga ciki sun fi jan hankali.

Na farko butiret, wani ɗan mai da bakteriya masu amfani ke yi daga dusar abinci. Shi ne abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, kuma yana taimaka wa ƙwayoyin garkuwa masu kwantar da tarzoma. Idan ya yi ƙaranci bango yakan yi rauni. Na biyu iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu bakteriya suna cin farar wutar da ke cikin majina su fitar da ita, ita kuma tana hana bango amfani da ɗan butiret ɗin da ya rage. An samu waɗannan bakteriya a aljihun masu gyambo, ba a same su ba a na masu FAP da aka gwada tare.

Na uku, wanda a ganina ya fi ban sha'awa, ruwan madaciya ne. Hanta ke yin sa don narkar da maiƙo. Idan ya gangaro ƙasa, wasu bakteriya sukan juya shi ya koma wani nau'i na biyu. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada bayan gidan masu aljihu, suka tarar wannan nau'i na biyu ya yi ƙasa ƙwarai a masu gyambo idan aka kwatanta da masu FAP, haka ma bakteriyar da ke yin juyin. Da suka ba ɓeraye masu kumburin hanji sinadarin, kumburin ya ragu, ta hanyar wata makama a jikin ƙwayoyin garkuwa mai suna TGR5. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma wannan bai zama maganin da ake rubutawa ba. Amma ya nuna cewa rashin wata bakteriya na iya zama ciwo kamar yadda zuwan wata ke zama.

To ta yaya wannan ke komawa kumburi da jini?

Ƙwayoyin da suka jeru a bangon hanji a ɗaure suke da juna da wasu furotin, ta yadda ba abin da ke ratsa tsakaninsu. A bayansu akwai ƙwayoyin garkuwa masu ɗauke da na'urorin gane baƙo. TLR4 tana gane ɓawon wasu bakteriya, TLR5 tana gane wutsiyar da suke iyo da ita, NOD2 kuma tana cikin ƙwayar tana jiran gutsuren da ya shigo. Idan majina ta yi sirara bakteriya suka taɓa bango, waɗannan na'urori sai su tayar da wani makunni mai suna NF-kB, shi kuma ya ba da umarnin fitar da sinadaran saƙo: TNF, IL-1, IL-6 da IL-8.

Kowanne da aikinsa. IL-8 ke kiran fararen ƙwayoyin jini na gaggawa su yi dafifi a bango. Su ne likitan gwaje-gwaje ke gani a madubin ƙara girma sun cika ramukan bango har sun tara ɗan ruwan mugunya, kuma sinadaran da suke fesawa don kashe bakteriya su ke cin naman har ya yi gyambo ya zubar da jini. TNF kuwa yana sassauta ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin bango. Ka ga an shiga zagaye ke nan: ɗauri ya saki, bakteriya sun ƙara shiga, saƙo ya ƙaru, ɗauri ya ƙara saki. Ruwa ma ta nan yake tsiyayowa cikin aljihu, shi ne zawon.

Idan abin ya daɗe, sai rukuni na biyu ya shigo, wato ƙwayoyin garkuwa masu tuna abokin gaba. Sinadarin IL-23 yana raya wasu daga cikinsu da ake kira Th17. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021, wanda ya duba ƙwayoyin garkuwar aljihu ɗaya bayan ɗaya, ya samu ƙwayoyi masu fitar da IL-1 sun yi yawa a aljihun da ya kumbura, tsari mai kama da na gyambon asali. Ƙwayoyin nan masu tuna abokin gaba daga jini suke zuwa, kuma suna gane hanji ne da wata ƙugiya a jikinsu mai suna alfa 4 beta 7, wadda ke kama wani furotin a jijiyoyin jinin hanji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen magani. A wannan matakin ko an rage bakteriya da magani, garkuwar na iya ci gaba da aikinta, shi ya sa maganin da ya yi aiki bara ke ƙin yi bana.

Gado ne? 'Ya'yana za su samu?

Kumburin aljihu sai wanda ke da aljihu. Abin da ake iya gada shi ne saurin kamuwa da ciwon hanji mai kumburi, kuma mafi yawan 'ya'yan masu gyambon hanji ba sa kamuwa. An danganta wani canji a ƙwayar gadon NOD2 da kumburin aljihu mai tsanani, haka ma canji a ƙwayar da ke yin birkin IL-1. Sai dai an yi waɗannan bincike ne galibi a kan Turawa, kuma canje-canjen NOD2 da aka sani ba kasafai ake samunsu a mutanen Afirka ta Yamma ba. Kada a kashe kuɗi a kan gwajin gado. Abin da ya fi nuna haɗari shi ne ciwon tsukewar bututun madaciya a hanta da ake kira PSC, da kumburin da ya taɓa gaɓoɓi, ido ko fata tun kafin tiyata.

Duk lokacin da ya motsa nakan sayi Flagyl a kemis, kuma yana tsayawa. Akwai laifi?

Akwai, Malam, ko da yake ba ka yi nisa da gaskiya ba. Metronidazol, wato Flagyl, da sifrofuloksasin su ne maganin farko, na mako biyu, kuma yadda suke aiki shi ne babbar shaidar cewa bakteriya na da hannu. Laifin yana cikin yadda ake sha. A sayi kati ɗaya, a sha kwana uku, ciki ya lafa, a ajiye sauran a kan taga. Wannan yana kashe masu amfanin da ake buƙata ya bar masu taurin kai. Yawan shan Flagyl na kawo dindiris da zafin tafin ƙafa saboda yana taɓa jijiya, sifro kuma na iya raunana agara. Sannan yawan shan su na buɗe ƙofa ga wata bakteriya mai suna C. difficile, wadda zawonta ya yi kama da kumburin aljihu sak, amma maganinta daban.

Wani abu da ake yawan mantawa: kada a kora sifro da fura da nono ko shayi mai madara. Sinadarin kalsiyam na kama maganin a ciki ya hana shi shiga jini. Haka ma ƙwayar ƙarin jini da maganin ƙwannafi mai kama da alli. A ba da tazarar awanni, a sha da ruwa zalla.

Maganin ciwon jiki fa?

Daikulofenak, aibufurofen da danginsu suna toshe sinadarin da ke kare bangon hanji, kuma sananne ne cewa suna tayar da kumburin aljihu. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda a ce na gajiya ne, sau da yawa akwai su a ciki. Farasitamol ya fi aminci.

Yaya za a tabbatar, kuma a ina?

A ƙasarmu dole a fara da gwajin bayan gida, domin atuni na amiba, tsutsar ciki, tsargiyar hanji da gurɓataccen ruwa duk suna kawo zawo da jini, kuma mai aljihu bai fi ƙarfinsu ba. Akwai kuma gwajin kalfurotektin, furotin da fararen ƙwayoyin nan ke zubarwa a bayan gida, wanda ke nuna ko akwai kumburi, in an samu inda ake yi.

Tabbaci sai da kyamara. Ana shigar da siririn bututu ta dubura, aikin 'yan mintuna. Likita zai duba wurare uku: hanjin da ke sama da aljihu, aljihun kansa, da ɗan guntun dubura na santimita ɗaya zuwa biyu da aka bari wajen ɗinki. Idan wannan guntun ne ya yi ja yana jini, to gyambon asali ne ya rage a wurin, maganinsa mesalazin na cusawa. Idan gyambon ya hau sama da aljihu, ko ƙurji ya huda hanya zuwa fata, ana tunanin ciwo mai kama da na Crohn, wani ciwon kumburin hanji da ba a babban hanji kaɗai yake tsayawa ba. Wani kuma za a duba a ga komai lafiya lau, hanjin ne kawai ke da saurin motsi. Ana haɗa alamomi da abin da kyamara ta gani da sakamakon ɗan naman da aka tsinko a ba da maki, bisa ma'aunin da asibitin Mayo ya fitar a 1994: maki 7 ko fiye cikin 18 shi ne kumburi.

Wanda ke Daura, Mashi ko Mai'aduwa ya nemi takardar turawa zuwa likitan ciki da hanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. A tafi da takardar tiyata, domin likita na buƙatar sanin irin aljihun da aka yi.

Idan maganin bakteriya ya daina aiki, shi ke nan?

A'a. Akan gwada haɗa biyu na mako huɗu, ko budesonaid, wanda ke kwantar da kumburi a hanji ba tare da ya cika jiki ba. Bayan nan sai alluran da ke nufar sinadaran da muka ambata. Vedolizumab yana toshe ƙugiyar alfa 4 beta 7, ƙwayoyin garkuwa su kasa sauka a hanji. A gwajin EARNEST da aka buga a 2023, kan mutum 102, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka ba shi sun samu lafawar ciwon a mako na 14, a waɗanda aka ba na bogi kuwa kashi 10. Ci gaba ne, amma lissafin ya nuna biyu cikin uku ba su kai ga lafawa ba. Akwai masu toshe TNF kamar infliximab da adalimumab, da ustekinumab mai toshe IL-12 da IL-23. Duk suna da tsada sosai. Kuma kafin a taɓa TNF a nan, wajibi ne a yi gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da wanda ke kwance.

Nono da kindirmo suna gyara bakteriyar ciki?

A 2000 likitoci a Bolonya ta Italiya sun ba mutum 20 wani haɗi mai nau'in bakteriya takwas bayan kumburinsu ya lafa, wasu 20 kuma aka ba su na bogi. Cikin wata tara, uku kacal ciwon ya dawo wa a rukunin farko, na biyun kuwa duka. Amma wancan haɗi ne mai biliyoyin ƙwayoyi da aka auna, ba ƙwaryar nono ba, kuma a wasu wuraren sakamakon bai kai haka kyau ba. Kindirmo mai tsafta abinci ne mai kyau ga wanda cikinsa ke karɓa. Nonon da ba a dafa ba ko aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba, shi ne abin gudu. Tuwon shinkafa, ayaba da dankali na ɗaure bayan gida. Yaji mai yawa na sa zafin fita, lemon kwalba na ƙara zawo. An ga cewa masu cin 'ya'yan itatuwa a kai a kai sun fi tsira daga kumburin, don haka kada tsoro ya sa a bar gwanda da mangwaro.

Baba ya nace sai ya yi azumi. Mu bar shi?

Babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishirin da suka rage, Baba kuma ba shi da shi. A zafin Katsina na watan Afrilu mai aljihu na iya bushewa cikin yini ɗaya, ƙoda ta wahala. Idan aljihun lafiya yake, wasu na iya yi da shawarar likita, su sha ruwan gishiri da sukari a buɗa-baki da sahur: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ko na leda da ake sayarwa. Idan kumburi ya motsa, ko fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ya ajiye. Marar lafiya na da rangwame, kuma zai fi jin maganar idan malamin da yake girmamawa ne ya faɗa masa.

Zai iya kaiwa a cire aljihun?

Yana faruwa ga ƙalilan, wajen ɗaya cikin goma a tsawon shekaru, kuma ba kumburi kaɗai ke jawo shi ba, akwai yoyon ɗinki da ciwo mai kama da na Crohn. A irin wannan hali ana komawa ledar ciki ta dindindin. Sankara a aljihu ba kasafai ba ce, amma wanda aka samu alamunta a hanjin da aka cire, ko mai PSC, ya riƙa yin kyamara duk shekara. Kowa kuma ya riƙa auna yawan jini da sinadarin B12 lokaci-lokaci, tunda a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, wato sashen da aka mayar aljihu.